BABI NA HUƊU: ZAMAN LAFIYA DA ADALCI A ƘASAR KANO BAYAN YAƘIN BASASA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin halin da kudancin ƙasar Kano ya shiga a ƙarni na sha tara saboda hare-haren Ningawa, tun daga lokacin da Malam Hamza ya bar Tsakuwa da jama'arsa wajen 1846 a kan rikicin kuɗin ƙasa, har zuwa zamanin Ɗan Maje da Haruna da Ɗan Yaya. A wannan babi kuwa za a dubi yaƙin da ya tashi a cikin gida, wato Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, da kuma irin zaman da aka yi bayansa. Masana irin su Fika (1978) da Smith (1997) sun riga sun kawo labarin fafatawar daki-daki, saboda haka ba za a daɗe a kansa ba. Tambayar da wannan babi zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce, da aka ajiye makamai, wa aka sasanta da wa, kuma wa aka bari da asararsa?

Wannan tambaya ta shafi yankin da ake nazari kai tsaye. Garko, inda jagoran ɓangare guda ya rasu, maƙwabciyar Kibiya ce. Takai, inda aka kafa sansanin tawayen, tana gabas da nan. Bebeji kuma, wadda Turawa suka fara fasawa a kan hanyarsu ta zuwa Kano a 1903, tana yamma da Rano. Ke nan Yalwa da sauran garuruwan ƙasar Rano suna tsakiyar filin da waɗannan abubuwa suka faru.

4.1 Musabbabin Yaƙin Da Yadda Ya Gudana

Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, ya kuma bar 'ya'ya masu yawan gaske, da dama daga cikinsu riƙe da sarautu. Da ɗan'uwansa Muhammadu Bello ya gaje shi, sai ya shiga tuɓe 'ya'yan Abdullahi da magoya bayansu yana naɗa nasa, har ya kai ɗansa Tukur ga sarautar Galadima. Tukur ya yi suna a yaƙin Argungu, inda ya nuna jaruntaka a gaban Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko. Saboda haka da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, sai Sarkin Musulmi ya umarci Wazirin Sakkwato Buhari ya naɗa Tukur, duk da cewa hankalin mafi yawan mutanen birni ya fi karkata ga Yusufu ɗan Abdullahi, wanda shi ma ya taɓa riƙe Galadima a zamanin mahaifinsa.

Yusufu da 'yan'uwansa suka ƙi yin mubaya'a, suka fita daga birni suka nufi Takai. Ba a banza suka zaɓi Takai ba. Gari ne na ribaɗi da Abdullahi ya ƙarfafa don tare Ningawa, kuma mayaƙan wannan sashe sun san gidan Abdullahi tun a fagen fama. Daga nan suka riƙa cin garuruwan gabas da kudu, wasu da yaƙi wasu da mubaya'a. Sakkwato ta ɗauke su 'yan tawaye, ta nemi sauran sarakuna su taimaki Tukur, amma taimakon da ya zo bai taka kara ya karya ba. Harin farko da Yusufawa suka kai birni bai yi nasara ba. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, aka ɗora ƙanensa Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, wanda kuma jika ne ga Sarkin Musulmi Aliyu Babba ta wajen uwa. Kafin shekarar ta ƙare Alu ya shiga Kano. Tukur ya fice zuwa Kamri, aka kuma gama da shi a yaƙin Tafashiya cikin watan Maris na 1895.

Yaƙin bai cika shekara biyu ba, amma har yau duk yaƙin da 'yan ƙasa ɗaya suka yi da juna, ko na Biyafara ne ko na wata ƙasa mai nisa, basasa Bahaushe yake ce masa.

4.2 Hukuncin Shari'a Da Abin Da Aka Aikata

Kafin a yi maganar adalci, ya kamata a san da wane ma'auni za a auna. A ganin mai wannan nazari, ba daidai ba ne a ɗauko ma'aunin wannan zamani a ɗora wa mutanen wancan lokaci, alhali suna da nasu wanda suka yarda da shi, suna kuma karantar da shi a zaurukansu. Muhtasar na Halil, wanda alƙalan Kano suke hukunci da shi, yana da babi a kan 'yan tawaye, wato Musulmin da suka fita daga ɗa'ar shugaba. Abin da babin ya ƙunsa a taƙaice shi ne, shugaba adali yana da ikon ya yaƙe su, amma ba a bautar da su, ba a ƙona itatuwansu, kuma idan an yi amfani da dukiyarsu a lokacin yaƙi saboda bukata, to sai a mayar musu bayan an gama. Haka kuma wanda ya yi tawaye bisa tawili, wato bisa wata hujja da ya ɗauka gaskiya ce, ba a bin sa bashin rai ko dukiyar da ta halaka a cikin yaƙin. Malamai sun gina waɗannan hukunce-hukunce ne a kan yadda Sayyidina Ali ya yi da waɗanda suka yaƙe shi a Yaƙin Raƙumi a 656.

Idan aka lura, wannan hukunci ya raba abu biyu. Abin da ya riga ya halaka an yafe shi, domin in aka ce sai an bi kowane jini, to yaƙin ba zai ƙare ba. Abin da yake nan a raye kuwa, ko mutum ko gida ko gona, ba ganima ba ne, dole ya koma ga mai shi. Wato dai shari'a ta yi wa zaman lafiya rangwame a kan matattu, amma ba ta yi masa rangwame a kan rayayyu ba.

To, a Basasa ɓangarorin biyu duk sun tsallake wannan iyaka. Kowane ɓangare ya ɗauki ɗayan a matsayin wanda jininsa da dukiyarsa suka halatta. An kashe kamammu, an ƙwace gidaje, an kuma kama 'ya'ya Musulmi an sayar. Dalilin haka ba boyayye ba ne. Mayaƙin wancan zamani ba shi da albashi, abin da ya kamo shi ne ladansa. Bugu da ƙari, wuri yana da nauyin ɗauka, don haka bawa ya zama kamar kuɗi, da shi ake sayen doki da bindiga, da shi ake biyan manyan basussuka. Jagoran da ya hana mayaƙansa kamu, to ya shirya ganin sun koma wajen abokin gabarsa. Wanda ya fi shan wahalar wannan tsari shi ne talakan ƙauye. Ba shi ya zaɓi Tukur ko Yusufu ba. Dagacinsa ko hakimin da garin yake ƙarƙashinsa ne ya yi mubaya'a, shi kuwa sai dai ya ga dawaki a bakin ganuwa. Mutanen kudu sun saba gudun Ningawa su shige garu, amma a wannan karo wanda ya zo kamun Bakano ne, ya san ƙofa, ya san hanyar rafi, wani lokaci ma ya san sunan mai gidan.

Wani Bature mai suna Robinson, wanda ya zo koyon Hausa, ya sauka Kano a watan Disamba na 1894 ya yi kamar wata uku. Ya rubuta cewa a lokacin zamansa an shigo da bayi kimanin 1,000 a karo guda daga hari ɗaya. Dole a yi hattara da alƙaluman irin waɗannan baƙi, domin suna da muradin nuna wa mutanen Ingila munin cinikin bayi. Duk da haka lokacin da ya zo shi ne daidai lokacin da Alu yake bin sawun Tukurawa, kuma abin da ya gani bai saɓa wa abin da masu tarihi suka tabbatar ba.

Abin da ya fi ba da takaici shi ne, bautar da ɗa Musulmi yana daga cikin laifuffukan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa sarakunan Haɓe wa'azi a kansu, ya kuma haramta shi ƙarara a rubuce-rubucensa. Shekara 90 bayan hijirarsa zuwa Gudu a 1804, sai ga jikokin mai riƙe da amanar jihadi a Kano suna aikata shi a kan talakawansu.

4.3 Zaman Lafiyar Alu

Da Alu ya zauna a gadon sarauta, matsaloli uku ne a gabansa: Sakkwato, da mutanen da suka yi masa yaƙi, da waɗanda suka yaƙe shi.

Ta Sakkwato ita ce ta fi sauƙi. Bayan mutuwar Tukur babu wanda za a tsaya wa, don haka daga bisani aka amince da Alu, Kano ta ci gaba da aika gaisuwa kamar da. Sai dai an riga an karya wani abu da ba ya ɗoruwa, domin kowa ya ga cewa ana iya ƙin umarnin Sarkin Musulmi, a ci sarauta da takobi, sannan a dawo a karɓi albarka.

Ta biyu da ta uku kuwa da dutse ɗaya ya jefe su. Sarautu da gidaje da gandayen Tukurawa su aka raba wa Yusufawa. Ya naɗa wansa Ahmadu Waziri, ya naɗa Abbas Wambai, ya kuma ɗaukaka bayin sarki masu riƙe da sarautun Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, waɗanda 'yan bindiga suke hannunsu. Manyan Tukurawa da suka tsira suka yi gudun hijira zuwa maƙwabtan ƙasashe. Ke nan ladan wanda ya ci yaƙi shi ne asarar wanda aka ci, kuma Sarki ba shi da halin mayar wa wani haƙƙinsa ba tare da ya ƙwace daga hannun wanda ya ɗora shi a kan gado ba. Wannan ita ce sarƙaƙiyar da duk wanda ya hau mulki ta hanyar yaƙin cikin gida yake faɗawa.

Ba za a hana Alu yabonsa ba. Malami ne, jarumi ne, ya kuma riƙe ƙasar a lokacin da Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kawo yaƙi har Gezawa, barazanar da ba ta gushe ba sai da Faransawa suka ci Damagaram a 1899. Birni ya zauna, kasuwar Kurmi ta ci, fatake sun ci gaba da shige da fice. Amma ƙarfin wannan zama ya bayyana a 1903. Bayan Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni a watan Oktoba na 1902 ya gudo Kano aka karɓe shi, sai Turawa suka taso daga Zariya ƙarƙashin Kanar Molan. Suka fasa Bebeji, suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, alhali Alu yana Sakkwato da manyan mayaƙansa. A kan hanyar dawowa Alu ya rabu da rundunar, ita kuma ta dare biyu. Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi aka kashe shi a Kwatarkwashi, Wambai Abbas ya jawo sauran jama'a zuwa gida. Ba a cewa Basasa ce ta kawo Turawa, domin sun ci garuruwan da ba su yi basasa ba. Abin da za a iya cewa shi ne, sun tarar da gida mai tsaga, har da 'yan gudun hijira masu ganin zuwan baƙon wata dama ce ta komawa gida.

4.4 Waiwaye Zuwa Afganistan

Domin a ga cewa wannan matsala ba ta Kano kaɗai ba ce, yana da kyau a leƙa wata ƙasar Musulmi da ta sha irin wannan yaƙi a daidai wannan lokaci. A Afganistan, tsakanin 1891 da 1893, Amir Abdurrahman Khan, wanda sunansa ya zo ɗaya da na Sarkin Musulmin da aka ambata a baya, ya yaƙi ƙabilar Hazara mazauna tsaunukan tsakiyar ƙasar. Ya samo fatawar da ta kafirta su saboda 'yan Shi'a ne, aka sayar da dubbansu a kasuwannin Kabul da Kandahar, aka ba wa ƙabilar Fashtun filaye da makiyayarsu, wasu kuma suka tsere zuwa Kwetta da Mashhad. Barnar da aka yi a can ta fi ta Kano girma nesa ba kusa ba, kuma akwai bambancin ƙabila da na aƙida wanda babu shi a Basasa. Inda suka yi kama shi ne yadda aka rufe maganar. Ɗansa Habibullah, wanda ya hau mulki a 1901, ya yi afuwa ya ce waɗanda suka gudu su dawo. Amanullah ya haramta bauta a tsarin mulkin 1923. Filayen kuwa mafi yawansu ba su koma ga masu su ba, har ya zama an sake zubar da jini a kan makiyaya tsakanin Hazara da makiyayan Kuci a yankin Behsud a 2007 da 2008, fiye da shekara ɗari bayan yaƙin.

Ƙasar ta sake bin wannan hanya a zamanin nan. A taron Bon na ƙasar Jamus a watan Disamba na 2001, an raba mulki tsakanin ɓangarorin da suka yi nasara da taimakon Amurka, ba a gayyaci Taliban ba. A 2007 majalisar dokoki, wadda tsofaffin jagororin yaƙi suke da ƙarfi a cikinta, ta zartar da dokar afuwa ga ɓangarorin da suka yi yaƙe-yaƙen baya. Dokar ta bar wa wanda aka zalunta damar ya kai ƙara da kansa, bisa ƙa'idar nan ta cewa hukuma ba ta da ikon yafe haƙƙin bawan Allah. A takarda wannan ya yi daidai da shari'a. A aikace kuwa ana nufin bazawara ko maraya ya tsaya shi kaɗai gaban alƙali ya ƙalubalanci mutumin da yake da mayaƙa da kujera a majalisa. Gwamnatin da aka gina a kan wannan sulhu ta faɗi ranar 15 ga Agusta 2021, lokacin da Taliban suka shiga Kabul.

An kawo wannan misali ne saboda batu guda, wato ɗora wa wanda aka zalunta nauyin neman haƙƙinsa shi kaɗai. Shi ne abin da za a gani a Kano a zamanin Abbas.

4.5 Zamanin Abbas Da Makomar Waɗanda Aka Kama

Gwamna Lugga ya naɗa Abbas Sarkin Kano a watan Afrilu na 1903. Ɓangaren Tukurawa sun sa rai, suna ma da nasu ɗan takara, amma Lugga ya ga jama'a tana bayan Wambai, shi kuwa abin da yake nema shi ne wanda zai riƙe masa ƙasa ba tare da tashin hankali ba. Alu aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Ta haka Turawa suka tabbatar da sakamakon Basasa. Tun daga Alu har zuwa yau duk wanda ya hau gadon Dabo daga zuriyar Abdullahi Maje Karofi ya fito, gidan Bello bai sake komawa ba.

Ta fuskar tsaro, ba shakka talakan kudu ya sami sauƙin da kakanninsa ba su sani ba. Ƙarfin Ningi ya karye da mutuwar Ɗan Yaya a 1902, an hana kai hari da cinikin bayi, 'yan gudun hijira sun sami hanyar dawowa. Mutane suka fara fita daga cikin ganuwa suna kafa ƙauyuka kusa da gonakinsu. A wajen 1907 zuwa 1908 Razdan Kagil, wanda Kanawa suka sa wa suna Mai Gunduma, ya karkasa ƙasar ya sa hakimai su fita su zauna a gundumominsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya. Wanda ya dubi waɗannan kaɗai zai ce an gama da Basasa.

Amma ina waɗanda aka kama? Dokar da Lugga ya kafa a 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Ba ta 'yanta waɗanda suke hannu ba. Turawa sun ji tsoron kada gandaye su watse, noma ya tsaya, sarakunan da suke mulki ta hannunsu su talauce. Hanyar da aka bar wa bawa ita ce ya je gaban alƙali, ko dai ya fanshi kansa da kuɗin da ya tara ta hanyar murgu, ko wani danginsa ya fanshe shi, ko kuma ya kawo shaidun da za su tabbatar cewa asalinsa ɗa ne. Littattafan majalisar shari'a ta Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Christelow (1994) ya fassara wasu daga cikinsu, sun nuna cewa ana sauraron ƙararrakin gonaki da na bayi da na kisan kai, kuma talaka yana iya kai kukansa har gaban Sarki. Wannan abin yabo ne. Sai dai ƙara ɗaya-ɗaya ce, mai ita ne yake kawo ta. Ba a yi wata shela ta gaba ɗaya ba wadda ta ce duk wanda aka kama a Basasa an kama shi ba bisa ƙa'ida ba, a sake shi.

A nan ne mai wannan nazari yake ganin an yi wa shari'a riƙon sakainar kashi. Wanda aka kama a wani ƙauye na ƙasar Garko ko Kibiya aka sayar da shi a Kurmi, mai yiwuwa ya bi ayari zuwa Damagaram ko Nupe ko ma hamada, inda babu wanda ya san ubansa. Wanda ya rage a ƙasar Kano kuma sai ya nemo shaidu daga garin da yaƙin ya tarwatsa, ya kawo su gaban majalisar da wasu daga cikin masu zama a cikinta su ne jagororin rundunar da ta kama shi. In kuwa mace ce aka sa ta a ɗaki ta haihu, to maganar ta ƙara wuya, domin 'ya'yanta na gidan ne, tafiyarta rabuwa da su ce. Ga wanda ya zaɓi fansa kuma, ya sayi abin da tun farko nasa ne.

Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai a 1936. Yaron da aka kama yana ɗan shekara 15 a daminar da Alu ya shiga Kano, in Allah ya ja kwanansa bai kuma sami fansa ba, yana da shekara 57 lokacin da wannan doka ta same shi.